Sarkin Ruwan Ingila

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya a gaban cikakken zauren taro, cikin sabon mayafina ruwan ƙwai, na nutsar da wani bawan Allah a teku. Mutumin bai tsare mini komai ba. Ya yi zamaninsa a Ingila tun ƙarni na goma sha bakwai, ni kuwa ina nan Haɗeja, ko tekun ma ban taɓa gani da idona ba. (Sunansa ba zan faɗa ba. Abin da na yi masa ya isa haka, ba sai na haɗa da talla ba.)

Lokacin muna shekarar ƙarshe a sashen Hausa. Wata safiya malaminmu na fassara, Malam Bukar, ya shigo aji da albishir. Wani gidan rediyo a gari yana neman ɗalibi guda da zai riƙa fassara musu labarai daga Turanci, ya kuma karanta da bakinsa. Shugaban sashen labaransu zai zo taron ƙungiyarmu na ƙarshen shekara, waɗanda aka zaɓa su karanta fassararsu a gabansa, shi kuma ya ɗauki wanda ya kwanta masa a rai.

Ni dai daga nan ban ƙara jin abin da Malam yake cewa ba. Na riga na yi nisa. Ina jin muryata ta fita daga Haɗeja, ta bi saman gonakin shinkafa, ta tsallake fadama, ta sauka a ƙauyen kakana da ke can bayan Auyo. Kakan nawa shi ne Sarkin Ruwan ƙauyensu, kuma ko a cikin kwalekwale ba ya rabuwa da 'yar rediyonsa. Ina son aikin nan kamar me. (Haka nake tun ina ƙarama. A aike ni sayen gishiri, sai a tsince ni a bakin kogi ina kallon balbela.)

Malam ya rarraba mana shafukan da ya kwafo daga wani tsohon kundin tarihin mashahuran mutane, kowa da nasa mutumin. Ƙawata Zulai ta samu wani likita. Rifkatu, wadda mahaifinta fasto ne, ta samu wani maƙerin agogo. Ni kuwa na samu bishop, wato babban limamin coci mai wasu limamai a ƙarƙashinsa.

Rifkatu ta leƙo takardata ta ce, "Ke, kawo mu yi musaya mana. Ki karɓi mai agogo, ki ba ni wannan. Harkar gidanmu ce."

Na rungume takardar na ce, "A'a, rabona ne."

Rabona ne kuwa.

Gaskiya tun sakin layi na farko mutumin ya shiga raina. Ɗan talakawa ne da ya kama karatu bai saki ba. Ya iya Latin, ya iya Girkanci da Ibrananci, har da Larabci. Larabci fa! Sai na riƙa ganinsa kamar irin tsofaffin malaman zaurenmu, ya duƙufa a kan littafi, gashin baki ya yi fari. Ana nan yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin sarki da majalisa. Shi yana ɓangaren sarki, ɓangarensu ya sha kashi, aka kore shi daga aiki, aka kwashe masa littattafai. Ya yi shekaru yana koyar da 'ya'yan mutane a wani ɗan ɗaki don ya samu na abinci, amma bai daina rubutu ba. Da aka dawo da sarauta sai aka tuna da shi, aka naɗa shi bishop.

A daidai nan na ci karo da kalmar.

Kundin ya ce sarki ya ba shi wata aba, kalma ce 'yar ƙarama mai harafi uku, wadda Turawa ke furtawa "si". Ni na san "si". Tun firamare na san ta, teku ke nan. Abu ɗaya kawai, wadda na sani da "e" da "a" take ƙarewa, wannan kuwa da "e" biyu aka rubuta ta.

Mai hankali a nan zai ɗauko ƙamus. Ni kuwa sai na tuna wani darasi da Malam Bukar ya taɓa yi mana, cewa a zamanin da, Turawa ba su da tsayayyar ƙa'idar rubutu, kowa yadda ya ga dama yake jera haruffansa. Sai na yi murmushi ni kaɗai. Ashe tsohon rubutu ne! Na ji kamar na tono wata taska da sauran 'yan aji ba za su taɓa ganowa ba.

Da na nuna wa Zulai, ta ce, "Ki dai duba a waya. Me zai ci miki?"

Na ce, "Haba Zulai, teku ce fa. Tekun ma sai na duba?"

Abin da ya ƙara rusa ni shi ne, komai ya zauna daram. Kundin ya ce tekun ta yi shekaru ba mai riƙe da ita saboda yaƙi. Ya ce ya same ta a talauce, ya sha wahala kafin ya farfaɗo da ita. Ya ce daga baya an ɗaga shi zuwa wata wadda ta fi ta girma. Ƙarshe kuma, ya ce a cikinta ya rasu, a cikinta aka binne shi. To ku gaya mini, yarinyar da ta tashi tana ganin yadda ciyawar kachalla ke cinye hanyoyin ruwa har kifi ya yi ƙaura, me za ta fahimta da an ce ruwa ya talauce? Ingila kuma tsibiri ce, na san wannan. Mutanen da ruwa ya kewaye ta ko'ina, ai dole su raba shi, kowane yanki da mai kula da shi.

Saura sunan muƙamin. Malam Bukar kullum yana ce mana kada mu bar baƙo a tsaye a ƙofar gida da kayan ƙasarsu, mu shigo da shi mu sa masa rigar Hausa. Na zauna na yi tunani: mutumin da sarki ya danƙa wa ruwa, me muke kiransa? Ai ba sai an je da nisa ba, a gidanmu yake.

A ƙarshen makon na tafi ƙauye. Damina ta yi nisa, babur ya sauke ni inda hanya ta ƙare, kwalekwale ya ƙarasa da ni. Na tarar da Kaka a gindin tsamiya yana ɗinkin koma.

Ya ce, "A'a, Amarya! Sai yau aka tuna da tsohon miji? Ko 'yan bokon sun ƙi ki ne?"

Na ce, "Ango, kishi zai kashe ka. Na samo wani Sarkin Ruwan, na Ingila."

Ya ajiye zaren. "Su ma suna da shi?"

"Suna da shi. Malami ne ma, har Larabci ya iya."

"Ikon Allah." Ya gyara zama. "Shi ke buɗe musu ranar su, a shiga kamun kifi? Shi ke hana kamun ƙanana?"

Kundin bai ce komai a kan wannan ba, amma na ce, "Ƙwarai kuwa." (Kun ga yadda abin yake. Ƙarya ɗaya ba ta son zaman kaɗaici.)

Na ba shi labarin tun daga kwashe littattafai har zuwa rasuwa a cikin ruwa. Ya daɗe yana kallon kogi. Kaka ya sha tsamo mutanen da ruwa ya ci, ba ya wasa da irin wannan magana. Can ya ce, "Mai ruwa a ruwa yake ƙarewa, in Allah Ya so. Yaushe za ki karanta? Zan zo in ji labarin ɗan'uwana."

Na so Malam Bukar ya duba mini kafin ranar. Na same shi a ofis, takardun jarrabawa sun kusa binne shi. Ya ɗaga hannu ya ce, "Ke naki ba sai na gani ba. Je ki, na san hannunki." Na fito kaina ya yi girma har da ƙyar ya wuce ƙofa.

Ranar taro zauren ya cika da hantsi. Ga malamai, ga ɗalibai, ga iyaye. Baƙon namu na rediyo, wani dattijo siriri mai farin gilashi, yana zaune a babban tebur kusa da Malam Bukar. A layin gaba kuwa ga Kaka cikin babbar rigarsa ta Sallah, ya taho da abokansa masunta biyu, suna zaune a miƙe kamar an kira su fada.

Zulai ta karanta likitanta, tsaf, ba ado ba kuskure. Rifkatu ta yi mai agogo. Sannan aka kira ni.

Ba yabon kai ba, na karanta da kyau. Da na zo inda aka kwashe masa littattafai, na ji wata mata a baya ta ce, "Allah sarki." Da na zo dawowar sarauta, na sassauta murya na ce:

"Sarki ya dube shi ya ce, me zan ba mutumin da aka raba da komai? Sai ya naɗa shi Sarkin Ruwa, ya danƙa masa teku guda. Tekun nan ta yi shekaru ba mai ita, ta zama marainiya, ba jirgi, ba taru, ba mai kiran sunanta. Ya same ta a talauce, ya zauna a bakinta da littafi a hannu ɗaya, yana lallashinta har ta farfaɗo."

Na ɗago ido. Kaka yana gyaɗa kai, abokansa ma haka. Na hango Rifkatu ta dafe baki da hannu biyu, idanunta sun firfito. Na ce a raina, kai, har Rifkatu abin ya taɓa.

Na ci gaba. Na ɗaga shi zuwa babbar teku. Na sa ya tsufa, na sa idonsa ya raunana. Sannan na zo ƙarshe, wurin da na fi ji da shi:

"Wata rana ya shiga tekunsa bai fito ba. Ruwan da ya raya, shi ne ya karɓe shi. Ba a haƙa masa kabari ba, igiyar ruwa ce likkafaninsa."

Kaka ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," da ƙarfi, zauren duka ya ji. Ni kaina hawaye ya cika mini ido. Aka yi tafi, tafi sosai, har da masu miƙewa.

Baƙon bai tafa ba. Ya jira aka lafa, ya jawo makirfo ya ce, "'Yata, Hausarki ta yi daɗi ƙwarai. Ko zan iya ganin Turancin?"

Na kai masa da hannu biyu, har da ɗan rusunawa. Ya karanta a hankali, yana bi da yatsa. Ya tsaya. Ya tura wa Malam Bukar takardar, ya nuna masa wurin. Na ga Malam ya cire hularsa, ya leƙa cikinta kamar akwai amsa a ciki, ya mayar.

Baƙon ya ce, "Wace teku ce wannan, 'yata? Garin da aka ambata ɗin nan na san shi. A tsakiyar ƙasa yake, tsakaninsa da teku tafiya ce mai nisa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wataƙila a zamanin ruwan ya kai can." Na ƙara da cewa, "Kalmar ma tsohon rubutu ce, shi ya sa aka yi ta da 'e' biyu."

(Har yau wannan jumlar ce take tashina daga zaune. Ba kuskuren ba, bayanin. Da irin muryar mai ilimi na yi shi.)

Baƙon ya juya ga jama'a ya ce, "Akwai wanda zai taimaka mana?"

Rifkatu ta miƙe a hankali, kamar wadda za ta kai saƙon rasuwa. Ba ta yarda mun haɗa ido ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba teku ba ce. In da 'e' biyu ce, kujerar bishop ake nufi, da yankin da yake shugabanta. Kamar a ce gunduma. Sarki ya ba shi gundumar da ta daɗe ba shugaba, shi ke nan."

Zauren ya yi tsit. Ina jin ƙarar fanka. Ina jin wani yaro yana tsotsar leda a can baya. Na dubi ƙasa ina roƙon ta tsage, ta ƙi.

Sai muryar Kaka ta fito daga layin gaba. "Malam, a gafarce ni, ni ban yi boko ba. Yanzu dai mutumin nan ya nutse ko bai nutse ba?"

Baƙon ya ce, "Bai nutse ba, Baba. A garinsa ya rasu."

Kaka ya ɗaga hannu sama ya ce, "Alhamdu lillahi! Kai, na ji daɗi."

Nan fa zauren ya fashe. Ban taɓa jin dariya irin wannan ba. Malamai suna dukan tebur, matar da ta ce "Allah sarki" ta kwanta a kafaɗar ta kusa da ita. Wani ɗan ajinmu ya ɗaga murya daga baya ya ce, "Ran Sarkin Ruwan Ingila ya daɗe!" Sunan da ya bi ni ke nan har na gama makaranta. Ni dai ban san yadda aka yi na koma kujerata ba. Na ja mayafin nan ruwan ƙwai na rufe fuska, Zulai tana dafe da gwiwata, tana ta danne dariya.

Zulai aka ɗauka, kuma ta cancanta. Bayan an tashi baƙon ya sa aka kira ni. Na je ina jan ƙafa.

Ya ce, "Kada ki ji haushi. Muryarki ta fi ta kowa, Hausarki ma haka. Amma labarai ba sa son mai ƙawata su. In na ba ki, ranar da aka ce wani babba ya sauka daga kujera, ina tsoron kafin azahar kin yi masa jana'iza."

Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe." Me zan ce?

Malam Bukar kuwa cewa ya yi, "Laifina ne da ban duba ba." Sannan ya kau da kai, kafaɗunsa suna motsi. Rifkatu ta zo tana ba ni haƙuri kamar ita ta yi laifin. Ta ce ta yi ta ɗaga mini gira tun daga marainiyar teku. Na ce na gani, na ɗauka kuka take shirin yi.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne raka Kaka tasha. Tsoho ya bar komarsa, ya sa rigar Sallah, ya jawo abokansa tun daga bayan Auyo don su ga jikarsa ta ci, ga abin da suka gani. Muka kama hanya. Sai da muka kusa na ce, "Kaka, ka yi haƙuri. Na kunyata ka."

Yau ban ce Ango ba, shi ma ya lura. Ya tsaya ya dube ni.

"Wace kunya? Amarya, ni fa na zo ta'aziyya ne, aka ce mini mamacin bai mutu a ruwa ba. Akwai abin da ya fi wannan?" Ya ci gaba da tafiya. "Abu ɗaya ne dai ya dame ni. In shi ba Sarkin Ruwa ba ne, to wa ke kula musu da ruwan?"

Na ce ban sani ba.

Ya girgiza kai ya ce, "Ka ji mutane. Ruwa ta ko'ina, ba mai shi." Ɗaya abokin nasa ya ce ai shi tun farko ya yi mamaki, a ce malami mai Larabci ya shiga ruwa bai iya iyo ba. Suka hau gardama a kan wannan har suka shiga mota, sun ma manta ina wurin.

Da na koma gida na ɗauko ƙamus, na sake fassara shafin tun daga farko, ba don kowa ba. Sai ga wani mutum dabam ya fito. Dattijo ne da aka ba gundumar da yaƙi ya lalata, ya yi ta fama da rufin cocin da ke yoyo, da limaman da ba su da abin sawa a baki, da rigingimun da ba sa ƙarewa, yana satar lokaci yana komawa ga littattafansa, har ajali ya same shi a tsakiyar aiki. Rayuwa ce ta haƙuri, mai kyau a yadda take. Ba ta buƙaci ko ɗigon ruwa daga gare ni ba.

Yanzu ina koyar da Hausa a wata makarantar 'yan mata. Abin da na koya, kalmar da ban sani ba ba ta taɓa kunyata ni ba, don ita ina tsoronta, ina tambaya. Wadda nake yi wa kallon 'yar gida, ita ce ke jirana a gaban jama'a. Kuma in faɗa muku gaskiya, har gobe in na tuna, can ƙasan raina ina jin mutuwar da na yi masa ta fi tasa kyau. Shi ya sa duk sa'ad da jumla ta fara yi mini daɗi fiye da kima, nakan ajiye biro in tafi neman ƙamus.